Katangar da Na Ɗora wa Baranda

Ni ne mutum na farko da ya yi bene a lungunmu na Yerwa, babban birnin Borno, kuma na daɗe ina faɗin haka ko ba a tambaye ni ba. Lokacin saura 'yan shekaru a sami mulkin kai. Cinikin banda yana tafiya, ina saro kifi daga bakin tafki ina sayar wa masu kai shi kudu. A ƙasan ginin na yi shago, na ba wani ɗan kasuwa Ibo mai sayar da atamfa haya. A sama ɗaki biyu ne, nawa da na baƙi, da baranda a gabansu wadda ta leƙo saman dakalin shagon. Azara ce ta riƙe barandar. An dasa gindin kowace cikin bango, kanta ya fito waje kamar kamu uku, babu ginshiƙi a ƙarƙashi. Rufin kuwa kwano ne, bakinsa na gaba yana zaune kan sanduna uku da aka kafa a gefen barandar.

Wanda ya yi mini ginin wani dattijo ne, gini ya gada wurin ubansa. Ba shi da yawan magana. In ya zo duba bango, tafin hannu yake ɗorawa ya yi shiru, kamar mai jin zazzaɓin yaro.

Ranar da aka gama na hau barandar na tsaya ina shan iska. Da na miƙa ido tsallaken lungu, sai ga tsakar gidan maƙwabcina a shimfiɗe gabana kamar faifai: turmi, randuna, shanya, da matansa suna harkarsu ba mayafi. Na yi maza na kawar da kai, amma ɗaya daga cikinsu ta riga ta gan ni. Kafin la'asar maigidan ya iso ƙofata. Bakanure ne, ya girme ni sosai, kakanninsa suna wurin tun ba a san za a yi lungun ba.

Ya jefo gaisuwarsu ta Kanuri ya ce, "Wushe da aiki. Gida ya yi kyau. Amma ni ban gayyaci kowa cikin nawa ba."

Na kira shi yadda Kanuri suke kiran uba, na ce, "Ba, wallahi ban lura ba sai yau."

"Kai ka lura yau. Gobe baƙinka na bakin tafki za su lura."

Gaskiya ya faɗa, ban musa ba. Washegari na kira magini na ce ya tayar mini da katangar tubali a bakin barandar, ta wuce tsayin mutum. Ya dubi azarar ya dube ni, ya ce ba za ta ɗauka ba. Ya ce an yi ta ne don ta ɗauki mutum da tabarmarsa, ba bango ba. Ya ce in sa zana, ko in nemi kafinta. Ni kuwa na ga zana a kan bene abin dariya ne, mutane za su ce ƙarfina ya ƙare a tsakiyar aiki. Na ce masa gidana ne, ni na san abin da nake so. Ya ce, "To, zan ɗora, amma ka tuna na faɗa." Mu biyu ne kawai a wurin.

Damina biyu katangar tana tsaye. A ta uku sai bakin barandar ya fara sunkuyawa. Tsaga ta fito a inda daɓe ya haɗu da bangon ɗaki, da fari kamar zare, daga baya har yatsa yana shiga. Sandunan da suka riƙe rufi suka bi barandar ƙasa, kwano ya ɗaga ta baya, in iska ta taso sai ya riƙa bugawa. Na sa aka ɗora masa duwatsu da guntayen bulo, kamar yadda kowa yake yi a lokacin.

Mutanen lungu suka fara tambaya. Wata rana bayan sallar la'asar, muna zaune a ƙofar masallaci, wani ya ce, "Malam, benen nan naka kamar yana ruku'u." Aka yi dariya. Dariyar ta yi mini zafi, sai na ce aikin magini ne, ya tsufa, hannunsa ya mutu, ya ha'ince ni a wajen azara. Na faɗa da ƙarfi don kowa ya ji. Ba ya wurin. Maganar ta zaga. Mutum biyu da na sani da suka yi niyyar ba shi aiki suka fasa. Bayan 'yan watanni na ji ya koma Gomari, can gefen gari, yana buga tubali yana sayarwa. Na ji, na san dalili, kuma ban yi komai ba.

A bazarar da ta biyo baya aka ce ma'aikatan hukumar gari suna zagayawa suna duba benaye, domin an yi dokar yadda za a yi su. Da na ji sun kusa lungunmu, na kwaɓa ƙasa da kaina na cike tsagar, na shafe da farar ƙasa, na shimfiɗa tabarma a kai.

Malamin duba gini saurayi ne daga kudancin Borno, da gajeren wando da littafi a hammata. Ya gaishe ni da ladabi, ya hau. Bai ko ɗaga tabarmar ba. Butata ya ɗauka, ya tsiyaya ruwa kaɗan a bakin ƙofar ɗaki. Ruwan ya miƙe da gudu sai gindin katanga. Muka tsaya muna kallonsa mu biyu.

Ya ce, "Baba, wa yake zama a ƙarƙashin nan?"

Na ce matar mai shago ce, da keken ɗinkinta.

"Kullum?"

"Ban da Lahadi."

Ya rubuta. Ya leƙa rufi ya ga duwatsu, ya sa hannu ya ɗaga rafta ɗaya, katakon da kwano yake kai, ta ɗagu kamar murfin kwando. Sa'an nan ya zauna ya yi mini bayani dalla-dalla, don ya ga karatuna na boko bai wuce na yaƙi da jahilci ba. Katangar tubali za ta sauka. A madadinta a sa makari na katako ko na ƙarfe, mai ƙarfin da babban mutum zai jingina, tsayinsa ya wuce ƙugu, tazararsa kada kan jariri ya shiga. A kafa ginshiƙai daga ƙasa su tallafi barandar da bakin rufi. Kowace rafta a ɗaure ta da jikin bango, a sauke duwatsu. Ya ce zai dawo kafin ruwan farko. In ya tarar ba a yi ba, za a rushe saman gaba ɗaya, a bar mini shago. Da zai tafi ya ce wa mai shago kada kowa ya ƙara zama a dakalin.

Kafin magariba maƙwabcina ya ji. Ya aiko a gaya mini ranar da katangar nan ta sauka, a ranar zai kai ni gaban alƙali, kuma ya san alƙali ba zai bar mutum ya zauna a sama yana kallon iyalin wani ba. To, ga hukuma ta ce a sauke, ga maƙwabci ya ce kada a taɓa. Kowannensu kuma yana da hanyar raba ni da benen.

Na kira magina biyu. Na farko ya hau, ya taka barandar da ƙafa ɗaya, ya sauko ya ce yana da aiki a wani wuri. Na biyu ya ce shi bai san yadda aka dasa azarar cikin bango ba, in ya taɓa katangar ba daidai ba komai zai iya biyo shi. Ya ce wanda ya ɗaura shi ya san inda ƙullin yake.

Mai ɗakina tana tankaɗe lokacin da nake ba ta labari. Ba ta ɗago ba ta ce, "Malam, ka san hanyar Gomari ai."

Na ce, "Da wane ido zan dube shi?"

Ta ce, "Da wanda ka dubi mutane a ƙofar masallaci."

Ban taɓa gaya mata abin da ya gudana tsakanina da magini ba. Ashe ranar tana bayan ƙofa tana jin mu, shekara huɗu ta riƙe abin ba ta ce uffan ba.

Da safe na hau keke. Na same shi a bakin wani kududdufi da ya ƙafe, ƙafafunsa cikin laka har gwiwa, tubala a jere suna shan rana. Ya rame. Na yi sallama ya amsa, ya ci gaba da cuɗa ƙasa. Na tsuguna na faɗi abin da ya kawo ni, na haɗa da cewa na zalunce shi.

Ya ce, "A nan ka zalunce ni?"

Na ce a'a.

"To, me ya sa kake faɗa wa kududdufi?"

Na gane. Na ce in ya zo masallacinmu la'asar ta gobe zai ji da kunnensa. Ya ce shi ba zai zo ba, ba ya bukatar ji. Waɗanda suka ji ta farko su ne za su ji ta biyu. In ta iso shi a Gomari kamar yadda waccan ta iso shi, zai ɗauko kayan aikinsa.

Na yi tsayuwa gaban alƙali, na yi gaban 'yan sandan kan hanya da lodin kifi, amma ban taɓa yin tsayuwa mai wuya kamar ta washegarin ba. Da aka sallame sallar la'asar na miƙe tun mutane ba su sa takalma ba. Na ce jama'a su dakata. Na ce maganar da na faɗa a nan game da magini ƙarya ce. Ya hana ni ɗora katanga, ni na tilasta masa, azararsa ba ta da laifi. Na ce na ɓata wa bawan Allah sana'a don kada a yi mini dariya. Wanda ya yi maganar ruku'u ya sunkuyar da kai. Liman ya ce Allah ya yafe mana baki ɗaya, aka shafa. Maƙwabcina yana sahun gaba, da zai wuce ya tsaya ya ba ni hannu.

Kwana uku bayan haka magini ya iso da sassafe, da buhun kayan aiki a kafaɗa.

Abin da ya fara yi shi ne tokare barandar daga ƙasa da gungumen giginya huɗu. Sa'an nan ya ce a rataya zana daga bakin rufi ta waje, don kada a sami ko yini ɗaya da gidan maƙwabci zai kasance a buɗe. Zanar da na raina ita ta fara hawa benen. Katangar kuwa bai yarda a ture ta ba. Tubali ɗaya-ɗaya ya riƙa ɓamɓarowa daga sama, daga tsakiya zuwa gefe, ana zurarawa a kwando da igiya. Na bar kasuwa a hannun abokin cinikina, na zama lebura. Ni nake karɓar kwandon a ƙasa. Zafin bazarar Yerwa wanda ya sani ya sani, kafin hantsi riga ta manne a jiki, igiya tana ƙona hannu. Kwana huɗu muka yi. Da tubali na ƙarshe ya sauka, sai muka ji azarar ta yi ƙara a hankali, bakin barandar ya ɗan ɗago da kansa.

Magini ya ce, "Ka ji ta? Ajiyar zuciya ta yi."

Saura abin da zai tsaya a wurin katangar. Mai shago ya kawo wani kafinta ɗan garinsu, gajere mai fensir a bayan kunne, Hausarsa tana da sauri kamar ana korarsa. Makarin ƙasa bai ba shi wuya ba: katako mai kauri, sanduna a matse, duk yadda malamin ya faɗa. Daga ƙugu zuwa sama ne ake gardama. Kafinta ya ce zai jera falankai marasa nauyi a karkace, irin na tagogin gidajen Turawa, iska ta shiga, rana ba ta shiga. Ya haɗa guda uku ya nuna mana. Magini ya sa ido a tsakaninsu ya ce, "Ga turminsu can ina gani." Irin wannan jeri ƙasa yake kallo, ƙasan kuwa ita ce ba ma so.

Magini ya karɓa ya juya shi, bakin waje ya koma sama. Ya ce in leƙa. Na leƙa, sai kan bishiyar maina da sararin sama.

Kafinta ya riƙe kai. "Baba, wannan a kife yake! Ruwa zai shigo ciki. A garinmu in na yi haka, dariya za a yi mini har in mutu."

Magini ya ce, "Nan ba garinku ba ne. Ruwanmu wata uku ne, maƙwabci kuwa shekara ne."

Kafinta ya juyo gare ni. "Maigida, kai ka yarda barandarka ta jiƙe?"

Na ce ta jiƙe. Aka yi shawara a ƙara wa kwano tsawo ya rufa kaɗan, a yi wa daɓe siminti, a fitar da indararo ta gefe don kada ruwa ya kwanta kan azara. Haka falankan suka tafi tun daga ƙasa, ta bayan sandunan makari, har sama, duka a kife. Kafinta yana bugawa yana gunaguni, yana roƙon kada mu gaya wa kowa shi ya yi.

Rufi ya fi cin rai. Sai da muka cire kwano falle-falle da sanyin safiya, domin in rana ta ɗaga ba ya taɓuwa. Waya mai kauri ta yi wuyar samu a kasuwa a makon. Matar mai shago ce ta ce ga langalanga nan tuli a bayan shago, wanda ake ɗaure dilar atamfa da shi, ba su san yadda za su yi da shi ba. Magini ya lanƙwasa ɗaya a gwiwa, ya ja, ya ce zai yi. Ya riƙa huda bango ƙasa da kai da kamu ɗaya, a zura langalanga, a naɗo rafta, a buga ƙusa, a toshe hudar da siminti. Ana cikin haka gabas ta fara haɗa gira da yamma. Kullum sai hadari ya taso ya tsaya, ya watse. Tsofaffi suna cewa saura kwana kaɗan.

Da aka kafa ginshiƙan jan bulo uku a kan dakali, aka cire gungumen, na je da kaina na gayyato maƙwabcina. Bai taɓa hawa bene ba a rayuwarsa. Ya hau yana riƙe da bango, yana ambaton Allah a kowace matakala. Aka yaye zana. Ya tsaya ya leƙa. Ya zauna ya leƙa. Ya yi ɗage, ya karkata kai, ya je kusurwa ya sa ido ɗaya. Daga ƙarshe dattijon nan da babbar rigarsa ya kwanta rubda ciki ya duba ta ƙasan makari. Ya ɗaga murya ya kira uwargidansa da Kanuri, ya ce ta ɗaga tabarya sama. Muka ji ta amsa daga tsallake.

Ya ce, "Ta ɗaga?"

Na ce, "Ba, ni ma ban gani ba."

Ya miƙe yana kakkaɓe riga. "To. Iskar nan taku kuwa da daɗi."

Malamin duba gini ya zo bayan kwana biyu, da azahar, gari ya yi ɗif ba ko motsin ganye. Ya auna makari da tef. Ya jingina da dukan nauyinsa, ya girgiza. Ya dunƙule hannu ya gwada tsakanin sanduna. Ya dubi falankan ya tambayi wanda ya kifa su, da aka gaya masa dalili ya yi murmushi ya ce doka ba ta hana ba. Sa'an nan ya hau tsani ya bi rafta ɗaya-ɗaya yana ja. Ya zo bayan ɗakin baƙi ya tsaya. Biyu na ƙarshe ba a ɗaure ba. Langalanga ya ƙare mana a nan, muka ce za mu dawo, aikin ginshiƙai ya ɗauke mana hankali.

Ya ce, "Baba, ba zan sa hannu a kan rabin aiki ba. Gobe kuma an tura ni wata unguwa, ban san ranar dawowa ba."

Na dubi gabas, ta yi baƙi ƙirin. Na ce ya ba ni zuwa la'asar. Ya duba agogo, ya ce zai jira a shago.

Mai shago ya jawo sabuwar dila wadda bai yi niyyar buɗewa ba, ya yanke ɗaurinta ya miƙo mana. Magini ya sa ƙafa a tsani, na ga gajiya ta kama shi, kwana ashirin yana aiki a rana da shekarunsa. Na ce ya sauko. Ya ce ban iya ba. Na ce ya tsaya a ƙasa ya faɗa mini, wannan karon zan ji.

Kwanon yana ƙuna kamar tanda. Na naɗe hannu da tsumma na ɗaga falle biyu. Yana daga ƙasa yana cewa, "Ƙasa kaɗan. A'a, ka wuce. Nan. Huda." Na huda, na zura, na naɗo. A ta biyu langalangan ya kuɓuce ya tsaga mini tafin hannu, jini ya bi rafta. Na ƙara naɗe tsumman na ja har sai da ya ce ya isa. Na mayar da kwano na buga ƙusoshi, iska ta fara kaɗa rigata.

Malamin ya hau ya ja raftocin biyu da hannu bibbiyu. Ya sauko ya buɗe littafinsa a kan teburin atamfa, ya sa hannu, ya yago takarda ya ba ni. Ya ce benen ya tsaya.

Mai ɗakina ta aiko da abinci, magini ya ce a'a, yana so ya kai gida kafin ruwa. Na roƙe shi ya dawo cikin gari, na ce zan bi gida-gida in nema masa aiki. Ya ce ƙarfin hawa ya ƙare, wannan ne na ƙarshe, tubali ya fi masa sauƙi yanzu. Shekarun da zai yi yana gini a Yerwa ni na cinye masa su, tsayuwata a masallaci ba ta dawo da su ba.

Ya sunkuya zai ɗauki buhun kayansa, na riga shi. Na saɓa a kafaɗa da hannun da bai ji ciwo ba. Muka bi lungu yana gaba ina biye, mutane suna zaune a ƙofofinsu suna kallo, har bakin titi inda ake samun motar Gomari.